Wanda Inna Take Bi a Baya

Shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare aka kawo Inna gidanmu a Birnin Kudu. Inna ita ce ta haifi Baba. Daga ƙauyenmu aka ɗauko ta, can bayan Fagam a ƙasar Gwaram, tana kwance a kujerar bayan mota, kanta a cinyar matar baffana. Kafin in ji sallamarta na ji ƙirjinta, wani siririn fito kamar na butar shayi idan ta kusa tafasa. Sai kuma warin daddawa da hayaƙi da ya kama zannuwanta duka, wanda bai fita ba har bayan Umma ta wanke su sau uku.

Daddawa ce sana'ar Inna tun tana amarya. Kalwa ba ta dahuwa da wuri, sai an yini an kwana ana iza wuta a ƙarƙashin tukunya, kuma ɗan ɗakin da take dahuwar ba shi da taga, don ta ce iska tana cinye itace. Likita a babban asibiti ya ce hayaƙin shekarun nan ne ya taru ya lalata mata huhu, hanyoyin numfashi sun ƙuntata, ba za su koma yadda suke ba, sai dai a rage mata wahala. Aka ba ta abin shaƙa guda biyu da ƙwayoyi, aka ce ta nisanci murhu.

A ɗakina aka sauke ta. Ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta ba, yana nan a gefen katifa, wajen kanta. In tana son ɗankwali sai ta zura hannu ta zaro, ta mai da ƙullin yadda yake. Gida take so, ba ta kuma ɓoye ba. Da yake Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa. Yana zaune a gabanta sai ta juyo wajena.

"Ke sarkin shiru, gaya wa wancan na ji sauƙi. Ya mai da ni ɗakina kafin gara ta gama da shi."

"Inna, daga nan zuwa bayi sai kin tsaya sau biyu," in ji Baba. "Can wa zai kula da ke? Kowa yana gona."

"Ki ce masa da can shi yake kula da ni?"

Ni dai ba na cewa komai. Ban iya magana a gaban manya ba, har a makaranta in malami ya kira ni sai muryata ta maƙale. Inna ta ce ni akuyar da aka kai kasuwa ce, sai kallo.

Da muka koma asibiti aka tura mu sashen da ake gashin ƙashi, wajen wata ma'aikaciya doguwa mai tabarau da kowa yake ce wa Sista. Ta fito da mu wata doguwar baranda da babu kowa. Ta ajiye jarka rawaya a wannan ƙarshen, wata a can, ta ce tsakaninsu mita talatin ne. Ta maƙala wa Inna wani ɗan abu a yatsa, mai kama da maƙalin shanya, lambobi suna haske a jikinsa, ta rubuta, ta cire.

"Inna, ba gudu za ki yi ba. Daga jarkar nan zuwa waccan, ki dawo, ki koma, har minti shida. In kin gaji ki tsaya ki jingina da bango, amma agogo ba zai jira ki ba."

Na matsa zan riƙe mata hannu, Sista ta tare ni.

"A'a, 'yan mata, koma can. Ba a yi wa mara lafiya jagora a wannan awon. In aka sa mutum a gabanta, saurin na gaban za mu auna, ba nata ba."

Inna ta yi tafiyarta a hankali. Sawu bakwai ta yi, wato daga jarka zuwa jarka sau bakwai, mita ɗari biyu da goma. Sista ta koya mata yadda za ta riƙa fitar da numfashi ta tsuke baki kamar mai hura koko, da tashi da zama a kujera, ta ce a riƙa yin tafiyar kullum a gida, a dawo bayan sati takwas.

Baba ya tambaya ta yaya za a san an samu ci gaba.

"In ta ƙara taku goma ko ashirin, ba komai ba ne," in ji Sista. "Mai lafiya ma jiya da yau yana bambanta haka. Sai ta ƙara kamar sawu guda cikakke, sannan za mu ce canji ne da ita kanta za ta ji a jikinta."

Baba ya kalli jarkar nesa. Sannan ya ce in ta ƙara sawu guda, shi da kansa zai mai da ita gida.

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Kin ji shi ko? Ke ce shaida."

Baba magini ne, yana da igiyar awo. A bayan gidanmu akwai wani lungu tsakanin katangarmu da ta maƙwabta, ƙarshensa a toshe yake, ba mai bi sai kaji. Faɗinsa bai fi mutum biyu su gitta da ƙyar ba. Nan ya auna mita talatin, ya ja layi da gawayi a jikin katanga a farko da ƙarshe. Aikin ya faɗo kaina. Kullum bayan La'asar, in na dawo daga Islamiyya, sai in karɓi wayar Umma in saita minti shida, in tsaya a layin farko da gwangwanin madara a hannu. Duk sawun da Inna ta gama sai in jefa tsakuwa ɗaya a ciki. Bayan an gama in juye in ƙirga, in rubuta a bayan littafin lissafina.

Bakwai. Washegari bakwai. Ran nan bakwai da taku biyar, ran nan bakwai babu taku uku. Haka muka cinye sati huɗu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a cikin gida Inna tana samun ƙarfi. Ta koma yin sallah a tsaye, bayan watanni tana yi a zaune. Tana ɗaukar butarta cike ta je bayi ba ta tsaya ba. Amma da zarar mun shiga lungu, sai tafiyar nan guda ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Da yake ba ni da aikin yi a minti shidan nan sai kallo, na fara lura da wasu abubuwa. Inna ba ta kallon ƙasa kamar yadda tsofaffi suke yi, ba ta kuma kallon layin gawayi. Idonta yana tsaye a gabanta, kamar taku uku, daidai inda kafaɗar mutum za ta kasance. In ta kai ƙarshen lungu ba ta juyawa nan take. Sai ta raɓe jikin katanga, ta tattare mayafinta, ta ɗan sunkuyar da kai, ta jira, sannan ta juya ta bi. Tsayuwarta ma ba ta gajiya ba ce. Na san tsayuwar gajiya, takan dafa bango, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Wannan kuwa cak take tsayawa, hannuwanta a gaba, numfashinta lafiya, kamar mai jiran a gama wani abu. Kajin maƙwabta da suke tono a tsakiyar lungun sukan watse tun Inna ba ta iso ba, da sauran taku uku ko huɗu.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina kaji haka suke.

Wata rana tsakuwa ta suɓuce mini ta gangara tsakiyar hanya. Na durƙusa ina nema, Inna tana tahowa. Tun daga ɗan nesa ta tsaya.

"Ke, matsa masa mana. Ba ki da ido ne?"

Na matsa. Na manne da katanga har sai da na ji sanyin siminti a bayana. Ban ga komai ba. Inna ta wuce ni, silifas ɗinta yana fas, fas, kuma a tsakanin kowane fas biyu akwai wani ɗan sauti kamar ana jan tsintsiya a ƙasa. Zai iya zama ƙirjinta ne. Ƙirjinta yana yin sauti iri-iri.

Da wayar ta yi ƙara, ta zauna a kujerar tsuguno da nake kawo mata, na tsaya ina juya gwangwani a hannu.

"Inna, wa zan matsa wa?"

"Au, kina magana ashe?" Ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ta ce, "Malam mana. Wa kike tsammani?"

Malam shi ne kakana, mijinta. Ya rasu ina da shekara uku, ban riƙe fuskarsa ba. Abin da na sani kawai shi ne saniya ta taɓa take masa ƙafar hagu yana saurayi, tun daga nan yake jan ta.

Inna ta ba ni labarin kamar tana gaya mini kuɗin gishiri ya tashi, ba tsoro ba mamaki. Ta ce shekara arba'in da wani abu, duk ranar kasuwar Fagam, yana gaba da sandarsa, tana baya da ƙwaryar daddawa a ka. In ya tsaya ta tsaya. In ya ji ta yi nisa a baya ba ya waiwayowa, sai ya tsaya ya yi kamar yana gyara takalmi har ta iso. Ta ce tun da ya rasu ba ta ƙara ganinsa ba sai ranar nan a barandar asibiti. Sista tana cewa bismillah, sai ga shi a gabanta da rigarsa mai ruwan ƙasa.

"Ba ya zuwa sai in tafiya ce ta kama. A ɗaki ba ya zuwa, kar ki tsorata."

Amma na tsorata. Ranar an yi ruwa da rana, ƙasar lungun da laushi. Da Inna ta shiga gida na ɗauko tsintsiya na share lungun tun daga ƙarshe har farko, fuskata a sama, ban yarda na kalli ƙasa ba ko sau ɗaya.

Na san abin da malamin Islamiyyarmu zai ce, wanda ya mutu ba ya dawowa, sai dai a yi masa addu'a. Na kuma ji Sista tana gaya wa Baba cewa in iska ta yi wa mai wannan ciwon ƙaranci a jini, zai iya ruɗewa, ya ga abin da babu, kuma in an ga haka a kawo ta da sauri. Na san in na faɗa, zancen komawa gida ya ƙare. Ko dai a ce Inna ta fara ruɗewa, ko a ce awon bai yi ba tun da akwai na gaba. Na yi ta kallon ƙullin kayanta a gefen katifa.

Sati na biyar ya shiga, har yanzu bakwai. Inna ta fara tambayata adadin tun kafin in juye gwangwani, in na faɗa sai ta kalli katanga. Ran nan na daure.

"Inna, shi ne ba ya sauri. Ke kina iya fin haka. Ki wuce shi mana."

Ban taɓa ganin ta ɓata rai haka ba. Ta zare mini ido.

"In me? In wuce gabansa? Ke a gidan uban wa kika ga an yi haka? Shekara arba'in ban taɓa taka inuwarsa ba, sai yau da na tsufa, don wata mai tabarau tana riƙe da agogo?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye ya cika mini ido, ban san lokacin da na ce, "To ki ce masa ya ɗaga ƙafa," ba.

Sai ta kwashe da dariya har sai da na ruga na ɗauko mata abin shaƙa.

"Ja'ira. Wato ke ce za ki aika wa Malam saƙo."

Washegari da muka tsaya a layin farko, kafin in danna waya, na ji tana magana ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye, da irin muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Malam, yarinyar nan ta ce wai a ɗan ɗaga ƙafa. Sun ce sai an ƙara za su bar ni in koma."

Ranar tsakuwa takwas na ƙirga. Na sake ƙirgawa, takwas.

Bayan kwana uku takwas da rabi. A sati na bakwai tara. Baba ya duba littafina ya ce alhamdulillahi, Umma ta soya wa Inna ƙwai. Ni kaɗai na san abin da ya canza a lungun. Tsayuwar nan ta jira ta ɓace gaba ɗaya. A ƙarshen lungu da ƙyar take samun raɓewa, sai ta juya da sauri kamar wadda za a bari. Wuyanta yana miƙewa gaba. In wayar ta yi ƙara ba ta tsayawa nan take, sai ta ƙara taku uku ko huɗu, sai na kira ta. Leɓɓanta sukan yi duhu, ta daɗe a kujera tana hura iska ta tsukakken baki kafin ta iya magana.

"Inna, ki riƙa hutawa. Sista ta ce ana iya tsayawa."

"Shi ai ya daina tsayawa," ta ce. "Da can yana jin numfashina. Yanzu kamar ba ya ji."

"To ki ce masa ya rage."

"Ke, mutum ake yi wa haka? Yau ɗaga, gobe rage? Ba yaro ba ne."

Ranar komawa asibiti Alhamis ce, na nemi izini a makaranta. Barandar tana nan yadda take, jarka biyu rawaya, da hasken hantsi a kwance a ƙasa. Sista ta maƙala abin yatsa, ta rubuta, ta ce bismillah. Na tsaya kusa da Baba, hannuna a cikin hijabi ina lanƙwasa yatsu. Inna ta tashi kamar an ja ta da igiya. A barandar akwai faɗi, amma duk da haka in ta kai jarka sai ta ɗan kauce gefe, ta ba da hanya, sannan ta zagaya. Sista tana kallon agogo da takarda, ba ta gani ba. Baba yana kallon ƙasa, don shi ma ba ya iya zuba wa Inna ido.

Tara da rabi. Mita ɗari biyu da tamanin da biyar.

Sista ta zaunar da ita, ta mai da abin yatsa, ta tsaya tana kallon lambobin har suka hau. Ta ce sun sauka sosai lokacin tafiyar, amma sun dawo, sai dai a riƙa sassautawa.

"Inna, kin ƙara sawu biyu da rabi. Na ce guda nake nema, kin ba ni har da gyara. Amma lamba daban, jiki daban. Ke a jikinki kin ji wani canji?"

"Ina sallata a tsaye," in ji Inna. "Ina ɗaukar butata. Ba wanda yake ɗaura mini zane."

Wannan gaskiya ne, ni shaida ce. Sista ta rubuta. Sannan ta juyo wajena ta sauke tabarau.

"Ke ce mai ƙirga mata ko? Sannu da ƙoƙari. Ba ki taɓa ganin ta ruɗe ba? Ko ta yi magana ita kaɗai, ko ta ce ta ga wani abu?"

Inna ba ta kalle ni ba. Tana gyara bakin mayafinta.

"A'a," na ce.

Kunyata ta taimake ni ranar. Kowa ya san haka nake amsa magana, kai a ƙasa, murya a ciki.

Ranar Asabar muka tafi, ni da Baba da Inna. Mota ta kai mu Gwaram, wata ta kai mu Fagam. Daga nan babura biyu suka ɗauke mu har bakin rafi, suka ce ba za su iya haurawa ba, ruwa ya cinye hanya. Baba ya goya Inna ya haye da ita, tana ta faɗa wai an mai da ita jaririya. Daga rafin zuwa gida 'yar siririyar hanya ce a tsakiyar gonaki, dawa ta fi mu tsayi dama da hagu, ba ka ganin komai sai hanyar da sama. Baba ya ce a jira ya je ya samo amalanke.

Inna ta gyara ɗaurin zane, ta ɗan raɓe gefe ta sunkuyar da kai, sannan ta shiga hanya.

Muka bi ta, Baba da ƙullin kayanta a kafaɗa, ni da ledar magani. Ba iska, amma ganyen dawa da suka leƙo hanya suna motsi a gabanta, ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila tsuntsaye ne. Fas, fas, da ɗan jan nan a tsakani. Na ga Baba ya rage tafiya, ya karkata kai kamar mai saurare.

A wajen wata tsamiya da hanya ta rabu biyu, Inna ta tsaya cak, hannuwanta a gaba. Ba ta dafa komai ba. Na ji daɗi a raina, na ce ashe ya dawo da tsayawa. Baba ma ya tsaya, ya sauke ƙullin a hankali. Fuskarsa ta canza.

"Nan yake tsayawa ya gyara takalmi," ya ce, ba da ni yake ba.

Sannan ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa jin kallo mai nauyi kamar wannan ba.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa duka, a tsaye a nan, Inna tana gabanmu ba ta waiwayo ba. Na gaya masa na baranda, da na lungu, da saƙon da na aika, da ƙaryar da na yi wa Sista. Muryata tana katsewa amma ban tsaya ba. Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawo haka ba. Leɓɓansa suna motsi, na gane addu'a yake yi. Da Inna ta ci gaba, ya ɗauki ƙullin muka bi.

A gida matar baffana ta yi ta guɗa, mata suka cika tsakar gida ana sannu da zuwa. An share ɗakin Inna an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana hura iska, sannan ta jawo ƙullin kayanta ta kwance shi, ta fara fito da zannuwa tana karkaɗewa. Baba ya tsaya daga nesa yana kallonta. Ni kuma ina kallonsa, don na san kalma ɗaya zai faɗa a mai da kayan nan cikin ƙulli.

Ya shiga ɗan ɗakin dahuwar kalwa, ya fito da tukwanen duka, ya kife su a bayan rumbu, ya sa kwaɗo a ƙofar. Ya kira baffana da matarsa gefe, ya nuna musu magungunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Na ji ƙarshenta kawai, cewa duk inda Inna ta nufa a samu mai bin ta, kada a bar ta ita kaɗai a hanya, kada kuma a sha gabanta. Bayan Azahar ya je ya durƙusa a gefen Inna ya ce za mu koma.

Ta juyo wajena. "Ki ce masa Allah ya yi albarka."

A hanyar komawa rafi ni ce a baya. Mun kusa tsamiyar nan Baba ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"A lissafin nan naki, akwai ranar da kika ƙara mata tsakuwa?"

"A'a, Baba."

"Ko guda?"

"Ko guda."

"To ƙafarta ce ta yi tafiyar," ya ce. "Allah ya jiƙan na ƙasa, ya bar mana ita." Bai ƙara tayar da zancen ba har yau.

Shekara biyu ke nan, Inna tana can. Tarin yana tashi yana kwantawa, baffana yana kawo ta asibiti in lokacin ganin likita ya yi, ya mai da ita a ranar. Matar baffana tana kiran Umma duk Juma'a, ni kuma ina zama kusa ina jin muryarta tana fitowa daga wayar. Ta ce kullum bayan La'asar Inna takan yafa mayafi ta fita, ita ko wata daga cikin matan gidan ta bi ta. Da farko iyakarta masussuka a bayan gari. Daga baya ta kai tsamiya. Bara da rani ta fara wuce tsamiyar, ba ta bin hanyar Fagam, ɗayar take bi, wadda ta yi gabas cikin daji, inda babu gidan kowa. Kullum tana ƙara kaɗan, sannan ta tsaya, ta raɓe gefe, ta juyo.

Juma'ar da ta wuce matar baffana ta ce yanzu sai sun kusa rasa Magariba kafin su dawo. Ta ce ta tambayi Inna ina za su haka, Inna ta ce ita ba ta taɓa tambayarsa ba.